JIJIYAR GANI BA TA JIRAN ANNOBA TA WUCE

 Yau zancenmu a kan ido ne, amma ba irin ciwon idon nan da muka saba da shi ba, wanda ido kan yi ja, ya yi ta ruwa da kwantsa, a ɗiga magani kwana uku ya washe. Akwai wani ciwon dabam da ke kama jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Mai wannan ciwo sau da yawa idonta fari ne tas, ba ja ba kumburi, duk wanda ya dube ta sai ya ce lafiyarta lau, alhali kuwa ganinta tafiya yake yi.

Annobar korona da ta game duniya a 2020 ta yi wa masu irin wannan ciwo ɓarna ƙwarai. Da yawansu cutar ba ta ko taɓa su ba, raba su da likita kawai ta yi a daidai lokacin da ba su da halin jira. Alhamdu lillahi annobar ta lafa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa a kanta ran 5 ga Mayu, 2023. To amma ba ita ce ta farko ba. Iyayenmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya bar waɗansu da kurumta, waɗansu da makanta. Babu kuma mai iya cewa korona ce ta ƙarshe. Saboda haka ya kamata mu san abin da ya faru, don mu san abin yi.

MECE CE JIJIYAR GANI?

Kowace macen aure ta san amfanin 'yar aike. Kina cikin gida, kasuwa tana can cike da kaya, ga kuɗi a hannunki, amma in yarinyar da za ki aika ta kwanta ciwo, ranar ba cefane. To haka sha'anin gani yake. Ido shi ne ke karɓar haske da siffar abin da ke gabanki, amma ƙwaƙwalwa ce ke gane ko mene ne, a wani sashe nata da ke can wajen ƙeya. 'Yar aiken da ke tsakaninsu ita ce jijiyar gani. Kowane ido yana da tasa guda, kuma a cikin kowace akwai 'yan zaruruwa sirara fiye da miliyan ɗaya.

Jijiyoyin nan biyu sukan haɗu su gitta juna a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kafin su wuce ƙeya. Ban da su akwai waɗansu jijiyoyi uku a kowane gefe masu juya ido sama da ƙasa, dama da hagu, da ɗaga fatar ido. In ɗaya daga cikinsu ta sami matsala sai mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko ido ya karkace kamar mai harara-garke, ko fatar ido ta sauko ta rufe shi.

Abin da ya kamata kowa ta riƙe shi ne wannan. Yanar ido, ko ta shekara biyar, in an yi aiki an cire ta gani yakan dawo da yardar Allah. Amma zaren jijiyar gani in ya mutu ba ya sake tofowa. Babu tabarau, babu aiki, babu ɗigo da zai mai da shi. Iyakar abin da likita zai iya shi ne ya ceci wanda bai riga ya mutu ba. Shi ya sa a wannan ciwo kwanaki ake ƙirgawa, wani lokaci ma sa'o'i.

WAƊANDA SUKA FI SHAFAR MU MATA

Na farko shi ne taruwar ruwa a cikin kai. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa, in ya yi yawa sai ya danne jijiyar gani ta kumbura. A cikin mutum goma masu wannan ciwo wajen tara mata ne, galibi masu jiki, waɗanda ke cikin shekarun haihuwa. Alamunsa su ne ciwon kai kullum, da jin ƙara a kunne tana tafiya daidai da bugun zuciya, da ɗaukewar gani na ɗan lokaci in an sunkuya ko an miƙe tsaye. Ana maganinsa da ƙwaya da rage nauyin jiki, in ya yi tsanani a yi aiki a buɗe wa ruwan hanya.

Na biyu kumburin ita jijiyar kanta. Ya fi kama mata masu shekara 20 zuwa 40. Ido ɗaya ne kan fara gani hazo-hazo cikin 'yan kwanaki, yana zafi in an juya shi, jan abu kuma ya koma kamar zanen da ya koɗe. Da yawa sukan warke, amma akwai wani iri mai tsanani da ya fi yawa ga baƙar fata, wanda in ba a yi allurar kashe kumburi da wuri ba yakan tafi da ganin.

Na uku ƙari ne da ke fitowa a wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake, wadda ke ƙarƙashin inda jijiyoyin nan biyu suka gitta. Ita ce ke sarrafa al'adar mace da ruwan nono. In ƙari ya fito mata, al'ada takan ɗauke ba tare da ciki ba, ko nono ya riƙa ɗiga ba goyo, ko haihuwa ta tsaya. In ya girma sai ya taɓo jijiyoyin, gani na gefe da gefe ya ragu, mace ta riƙa karo da bakin ƙofa, ko mutum ya zo daga gefenta ba ta gan shi ba. Wani irinsa ƙwaya kaɗai ke narkar da shi, wani sai an yi aiki.

Na huɗu na masu juna biyu ne. In jini ya hau bayan ciki ya wuce wata biyar, mace takan ji ciwon kai mai tsanani, fuska da hannu su kumbura, ta riƙa ganin walƙiya ko duhu-duhu. Wannan shi ne ɗan aiken jijjiga, kuma rai biyu ne ke cikin haɗari.

Sai kuma babbansu, wato hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gulakoma. Sunan kada ya ruɗe ku, ba shi ne hawan jinin da muka sani ba. Ruwan cikin ido ne ke danne kan jijiya yana cin ta a hankali, ba zafi ba ja. Ƙidayar makafi da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ta nuna cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, mutum 4 cikin 100 makafi ne. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, gulakoma kuwa wajen kashi 17, ita ce ta biyu. Ban da waɗannan, ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki duk sukan taɓa jijiyoyin ido.

ABIN DA YA SA DUBA IDO YA YI WUYA

Likitan ido yana cikin waɗanda suka fara faɗakar da mutane game da korona. Sunansa Dokta Li Wenliang, a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ran 30 ga Disamba, 2019, ya gargaɗi abokan aikinsa cewa wata baƙuwar cuta ta ɓulla. Ba da jimawa ba shi kansa ya ɗauke ta wajen duba wata mai gulakoma, ya rasu ran 7 ga Fabrairu, 2020. Wannan labari ya girgiza likitocin ido a ko'ina, domin sun san yadda aikinsu yake.

An ce kowa ya ba ɗan'uwansa tazarar mita biyu, wato wajen kamu huɗu. To likitan da ke son ganin kan jijiyar gani da 'yar fitilar hannu, sai ya matso har tsakanin fuskarsa da ta marar lafiya bai kai taƙi ɗaya ba, numfashinsu yana gauraya. Na'urar awon gani na gefe kuwa kamar babbar ƙwarya ce fara, mutum ya sa haɓarsa a bakinta yana numfashi ciki na mintoci, yana danna maɓalli duk sa'ad da ya ga ɗigon haske. Tsabtace ta bayan kowane mutum aiki ne mai cin lokaci, don haka wurare da yawa suka rage amfani da ita. Da aka dawo da ita kuma, sai tururin numfashi daga takunkumin fuska ya riƙa rufe gilashi yana ɓata sakamakon awo.

Har wa yau, wannan ciwo ba likita ɗaya ke gama shi ba. Likitan ido zai duba, ya tura wajen masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, daga nan a je wajen likitan jijiyoyi, wani lokaci a ɗebi ruwan ƙashin baya a auna ƙarfinsa, wani lokaci a dangana da mai aikin ƙwaƙwalwa. In ƙofa ɗaya ta rufe a cikin waɗannan, tafiya ta tsaya. A lokacin annoba kuwa ba ƙofa ɗaya ce ta rufe ba. An kwashe ma'aikata da gadaje an mai da su wajen masu korona, an ɗage duk aikin da aka ga ba na gaggawa ba ne. A Amurka, ran 18 ga Maris, 2020, babbar ƙungiyar likitocin ido ta ƙasar ta shawarci 'ya'yanta su daina ganin kowa sai mai larurar gaggawa.

To a nan gizo ke saƙa. Wa zai ce wannan na gaggawa ne, wancan ba na gaggawa ba? Wanda ƙusa ta soke wa ido kowa ya san nasa ba ya jira. Amma mace mai ciwon kai da farin ido, ita kanta sai ta ce bari annoba ta wuce.

ABIN DA AKA GANI A ƘASASHEN WAJE

A babban asibitin ido na Moorfields da ke Landan, masu zuwa sashen gaggawa sun ragu da fiye da rabi a farkon kulle. Ciwon bai ragu ba, tsoro ne ya zaunar da mutane a gida. A birnin Birmingham na Ingila, likitocin da ke kula da masu taruwar ruwa a kai sun ba da rahoton cewa zaman gida ya ƙara wa da yawa daga cikin matan nauyi, kumburin jijiyarsu ya ƙaru, aikin gaggawa na ceton gani kuma ya yi yawa fiye da yadda aka saba.

A Italiya kuma likitoci sun ba da labarin tsofaffin da suka makance ido biyu saboda jinkiri. Ciwonsu kumburin jijiyar jini ne ta gefen goshi, wanda ke kama masu shekara 50 zuwa sama. Yakan zo da sabon ciwon kai, da zafin fatar kai in ana taje gashi, da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna. In ya ɗauke ido ɗaya ba a fara magani ba, na biyun yakan bi shi cikin kwanaki ko 'yan makonni. Maganinsa ƙwaya ce mai araha, matsalar kawai a sha ta a kan lokaci.

Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da likitoci da kayan aiki birjik, sai mu ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A NAN GIDA

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A ƙarshen Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, Jihar Kaduna ma ta rufe a wannan lokaci, aka kuma rufe makarantu a duk ƙasa. A Kano an sami mutum na farko ran 11 ga Afrilu, kulle ya biyo baya cikin wannan wata. Mutanen Kano ba za su manta da yawan jana'izar da aka yi a makonnin nan ba. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a buɗe ba sai ran 1 ga Yuli.

Ku duba inda ƙwararrunmu suke. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da na Maiduguri. Duk a manyan birane suke, na'urar hoton ƙwaƙwalwa ma haka. Likitan da ya haɗa ilmin ido da na jijiyoyi kuwa ko a ƙasashen Turawa ba su da yawa, balle a nan. Ko da lafiya lau, matar ƙauye sai ta tara kuɗin mota, ta sami mai raka ta, ta sami inda za ta kwana. Da aka rufe hanyoyi, wadda ke wata jiha ta rasa yadda za ta yi ta kai ga likitanta.

Ga kuma tsoro ta fuska biyu. Marasa lafiya suna gudun asibiti kada su ɗauko cuta, ko a ce suna da ita a tsare su. Ma'aikatan lafiya su ma suna kamuwa, ga ƙarancin kayan kariya, har waɗansu ƙananan asibitoci suka rufe. Mai gulakoma da ɗigonta ya ƙare ta zauna wata biyu ba magani. Mai juna biyu ta daina zuwa awo, ba wanda ya auna jininta. Mai ciwon sukari ta bar gwaji. Kasuwa ta tsaya, kuɗi ya yanke, kowace uwa kuma ta san in abinci da magani suka yi karo a gida, nata maganin ne ake fara ajiyewa.

Yara ma abin ya shafe su. Mu malamai mu ne sau da yawa kan fara lura da yarinyar da ke matsowa gaban allo, ko mai karkata kai tana rufe ido ɗaya, ko mai yawan kwantar da kai a kan tebur don ciwon kai. Wata shida ko fiye makarantu suna rufe, wannan idon da ke lura da su babu shi.

MAGANIN DA YA ZAMA CUTA

Inda likita ya yi nisa, jita-jita ce kan zama likita. A ƙasar Iran an baza ƙaryar cewa shan barasa yana kashe korona. Mutane suka sha irin wadda aka haɗa da sinadarin metanol, wanda guba ne ga jijiyar gani. Daga Fabrairu zuwa Afrilu na 2020 mutum fiye da 700 suka mutu, da dama kuma suka makance. An kuma sami wannan sinadari a cikin waɗansu ruwan goge hannu na jabu, saboda haka kada a bar irin wannan kwalba inda ƙaramin yaro zai kai hannu.

A Legas, cikin Maris na 2020, hukuma ta ba da sanarwar an kwantar da mutane a asibiti saboda sun sha kulorokwin ya wuce kima. Daga baya gwaji ya nuna ba ya maganin korona. Yawan shansa na tsawon lokaci yana lalata shimfiɗar gani da ke bayan ido, ɗan'uwansa kwinin kuwa in ya yi yawa yakan makantar farat ɗaya.

Sai deksametason. A watan Yuni na 2020 masana a Jami'ar Oxford suka nuna yana ceton ran masu korona da numfashinsu ya yi tsanani har ana sa musu iska. Da jin haka mutane suka dinga sayensa suna sha da kansu. Wannan magani yana tayar da sukari, yana raunana garkuwar jiki, yana kuma ƙara ƙarfin ruwan ido. A Indiya a 2021 mutum fiye da 40,000 suka kamu da wata cutar funfuna mai shiga ta hanci ta kai ga ramin ido da jijiyarsa, akasarinsu masu ciwon sukari da suka sha irin wannan magani. Waɗansu sai da aka cire musu ido don a ceci ransu. 'Yan'uwa, mu sani da yawa daga cikin ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe irin wannan magani ne. Ƙibar da za ta ci ido ba ado ba ce.

Akwai kuma masu tarin fuka. Cikin magunguna huɗu da ake fara ba su akwai itambutol, wanda ga waɗansu mutane yakan taɓa jijiyar gani, su kasa bambanta ja da kore. In an gane da wuri likita ya canza shi, gani yakan dawo. Mai shan sa kada ta yanke maganin tari da kanta ta zauna a gida, ta koma inda ake ba ta maganin a ranar da ta ga canji.

Ita kanta korona an sami waɗanda ta jawo wa gani biyu-biyu, ko kumburin jijiyar gani, ko toshewar jini a ƙwaƙwalwa, amma ba su da yawa.

DUBA TA WAYA

Wani abin kirki da annobar ta haifar shi ne ganin likita ta wayar hannu mai hoto. Ta nan likita yana iya jin bayani, ya ga saukowar fatar ido, ya ce ki bi yatsa da ido ya ga ko yana juyawa daidai, sa'an nan ya yanke ko ki taho yau ko ki dakata. Wannan ya rage cunkoso da wahalar tafiya. Amma waya ba ta leƙa cikin ido ta ga kumburin jijiya, ba ta auna ƙarfin ruwan ido. Ga shi kuma ba kowace mace ke da irin wannan waya ko kuɗin intanet ba. Saboda haka in likita ya ce ki zo, ki je.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Ko ana annoba, ko ana kulle, ko ana ruwa da ƙanƙara, in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinki ko ga wani a gidanki, a nufi asibiti a ranar:

1. Gani ya ɗauke ko ya ragu farat ɗaya, ko da ido ɗaya ne, ko da ya dawo bayan 'yan mintoci.

2. Abu ɗaya ya koma biyu, ko fatar ido ta sauko, musamman in da ciwon kai.

3. Rabin abin da ke gabanki ya ɓace, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe.

4. Ciwon kai kullum tare da amai, ko ƙara a kunne, ko duhu in an sunkuya.

5. Zafi in an juya ido tare da koɗewar launi.

6. Mai juna biyu ko mai jego ta ga walƙiya ko hazo tare da ciwon kai.

7. Tsoho ko tsohuwa da sabon ciwon gefen goshi da gajiyar tauna.

Ku tuna ko a kullen 2020 dokar ba ta rufe asibitoci ba. In kin isa, kada ki ce wa ma'aikaci idona ke ciwo kawai, domin zai duba ya ga fari ya ba ki ɗigo. Ki ce ganina ne ya ragu, tun ranar kaza, a ido kaza, ki faɗi duk maganin da kike sha, har na gargajiya.

ABIN DA ZA MU YI TUN YANZU

Sau ɗaya a wata ki rufe ido ɗaya da tafin hannu ki dubi wani abu mai nisa, sa'an nan ki rufe ɗayan. Mutane da yawa ido ɗaya ya daɗe da tafiya ba su sani ba, don ɗayan yana rufa masa asiri. Ki dubi jan tumatir ko jan kallabi da kowane ido, ki ga ko jan ɗaya ne. Ki sa abokiyar zamanki ko 'yarki ta tsaya a gabanki, ki kafa ido a hancinta, ta motsa yatsu ta gefe da gefe ki ga ko kina hango su.

Wadda ta kai shekara 40, ko wadda akwai mai gulakoma a danginta, ta je a auna mata ido ko ba ta jin komai. Wadda ke kan magani kada ta bari sai kwalba ta ƙare, ta ajiye na wata guda a gaba, ta adana katinta da takardun awo da hoton ƙwaƙwalwa wuri ɗaya, ta kuma tambayi lambar wayar sashen da ke duba ta. In ana adashi, a ware wani abu don lafiya. Kada a ɗiga ruwan albasa, ko ruwan sukari, ko nono, ko maganin masu yawo a kasuwa. Ciwon yana can bayan ido inda ɗigo irin wannan ba ya kaiwa, sai dai ya ƙara wani ciwon.

Ina roƙon iyayenmu maza da mazajenmu, don Allah a yi wannan magana tun ana lafiya. Maigida ya ba da izini tun yanzu cewa in irin waɗannan alamu suka zo ba ya nan, a tafi asibiti, a sanar da shi a hanya. Uwar gida da ta makance, gidan duka ne ya shiga duhu, kuma sau da yawa 'yarta ce za a cire daga makaranta ta zama 'yar jagora.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne idon iyayenku da ba su yi karatun boko ba. Ku karanta musu wannan shafi, ku gwada musu awon rufe ido ɗaya, ku karanta musu takardar magani. In ke kanki allo ya fara yi miki hazo, ko kanki yana ciwo kullum, ki gaya wa malamarki ko mahaifiyarki, ba abin kunya ba ne. Waɗanda Allah ya ba ƙwaƙwalwar lissafi da kimiyya, ku sa ran zama likitocin ido da ma'aikatan jinya, domin mata da yawa sun fi sakin jiki su faɗi larurarsu ga 'yar'uwarsu mace.

Allah ya kare mu daga annoba, ya bar mu da ganinmu har ƙarshen rayuwarmu, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili. Wassalam.